Kwamfuta ma tana da tiyarta

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, ana zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, ɗan ƙanwata ya faɗo zaurena a Dutsin-Ma da takardu biyu a hannu, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya shimfiɗa su kan tabarma ya ce, "Kawu, don Allah duba mani. Wannan ta ce na faɗi, wannan ta ce na ci. Ƙarfe ɗaya, huda ɗaya, kuma duk biyun kwamfuta ce ta auna."

Yaron yana da shagon walda da gyaran injuna a Kurfi, bakin hanyar da ta taho daga Katsina. Rabin cinikinsa daga masu noman rani yake, musamman waɗanda ke jan ruwa a kewayen madatsar Zobe, wadda aka gama ginawa a 1983 kan kogin Karaduwa. Injin ban ruwa in ya yi tari, wurinsa ake kaiwa. A bana sai ya samu aikin da ya fi ƙarfin abin da ya saba: wani ɗan kwangila ya ba shi zane, ya ce ya yi masa faranti 40 na ƙarfe, irin wanda ke haɗa inji da famfo, kowanne da babbar ƙofa a tsakiya da huda 6 na noti a kewaye. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ba a biya sai an kai samfur an auna a na'ura, takarda ta fito ta ce aiki ya yi.

Ɗan kwangilar ya aika faranti Kaduna. Takarda ta dawo ta ce huda ta 4 ta kauce daga mazauninta da milimita 0.30, alhali zane ya yarda da 0.25 kawai. An buga mata jan layi. Yaro bai yarda ba, ya ciri kuɗin motarsa ya aika farantin nan dai Legas, wurin wani abokinsa da ke aiki a wata masana'anta. Ta can ta dawo ta ce 0.13, da koren layi. Gashin kan mutum kaurinsa bai cika kai milimita 0.1 ba, don haka rigimar duka a kan kaurin gashi biyu ce zuwa uku. Amma kuɗin aikin wata biyu ne ke rataye a jikinta, da albashin yara huɗu da ke ƙarƙashinsa.

Na yi shekara ashirin da ɗoriya a ɗakin awo na wata masana'anta a Kaduna kafin in dawo gida, saboda haka takardun ba baƙi ba ne a wurina. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne maganarsa ta ƙarshe, cewa duk biyun kwamfuta ce ta auna. Yadda ya faɗe ta, kai ka ce an kama liman da ƙarya. Wannan imani shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin zai yi mana ɓarna nan gaba fiye da yadda ya yi wa yaron nan.

Bari in fara bayyana na'urar, don yawancin masu karatu ba su taɓa ganinta ba. Injiniyoyi suna kiranta CMM. Tebur ne na dutse baƙi, dangin duwatsun da garinmu ya ci sunansa daga gare su, amma an goge shi sumul har ba ka jin tudu ko kwari. A samansa akwai gada mai tafiya gaba da baya, a jikin gadar akwai hannu mai hawa da sauka, a bakin hannun akwai ɗan tsinke da ɗan jan ƙwallo na yaƙutu. Ƙwallon nan ya taɓa ƙarfe, sai na'ura ta rubuta inda yake: tsawo kaza, faɗi kaza, bisa kaza. Kamfanin Ferranti na Sikotilan ne ya fara ƙera irinta a shekarun 1950. Tsinken mai jin taɓawa kuwa David McMurtry ya ƙirƙiro shi a 1972, lokacin da yake fama da awon siraran bututun injin jirgin Concorde, daga nan aka kafa kamfanin Renishaw a 1973.

To ga inda mutane ke ruɗewa. Na'urar ba ta ganin huda. Ɗigo kawai take tarawa. Ta taɓa bangon huda sau huɗu, ko takwas, ko ɗari, ta miƙa wa manhaja jerin lambobi. Manhajar ce, ko PC-DMIS ce, ko Calypso ta Zeiss, ko MCOSMOS ta Mitutoyo, za ta zana da'ira a kan ɗigon nan ta ce ga tsakiyar huda. Ita kuma manhaja ba ta yin komai sai yadda mai aiki da ita ya saita ta. Tsakanin taɓawar ƙwallo da lambar da ke fita kan takarda akwai shawarwari kusan goma da wani ɗan Adam ya yanke, ko ya bar su yadda ya same su ba tare da ya san ya yanke ba.

Duk wanda ya taɓa sayen gero a kasuwar ƙauye ya san wannan darasi. Ka ce a auna maka tiya goma. Wace tiya? Ta mai saye ko ta mai sayarwa? A shafe baki, ko a tula har ya yi tsini, ko a tare da hannu a gefe? Buhu ɗaya zai ba ka lissafi uku, kuma ba lalle wani ya yi ha'inci ba. Shi ya sa dattijon kirki ba ya fara ciniki sai an daidaita kan kwano. Mu da muka san wannan tun muna rataye da jakar cefane, da mun ga takarda ta fito daga firinta sai mu aje hankalinmu a ƙofa.

Na ɗauki takardar Legas, wadda yaron ke ƙauna, na ce masa, "Wannan da ta ba ka gaskiya ita ce ta fi kuskure." Fuskarsa ta canja. Abin da ya faru shi ne: ƙa'idar zane ba ta tambayar nisan da tsakiyar huda ta yi daga mazauninta. Tana zana wani ɗan kewaye ne a wurin, ta ce tsakiyar huda ta faɗa ciki, kuma lambar da ake rubutawa faɗin kewayen ce daga gefe zuwa gefe. Don haka in huda ta kauce da 0.09 ta gabas da 0.12 ta arewa, nisanta daga mazauni 0.15 ne, amma abin da za a kwatanta da zane ninkinsa ne, wato 0.30. Mai awon Kaduna ya ninka. Na Legas ya bar manhajarsa tana ba da nisa tsagwaronsa. Ninka 0.13 ɗinsa ka samu 0.26, wanda shi ma ya haura 0.25. Kenan koren layin nan na bogi ne, ba da niyyar kowa ba.

Wannan dabara ta kewaye ana danganta ta ga wani Bature, Stanley Parker, da ya yi aiki a masana'antar makaman ruwa a Sikotilan wajen 1940. Ya lura ana zubar da kayan da in an ɗaura su suna aiki lafiya, saboda ana auna kaucewa da murabba'i alhali huda da noti duk kewayayyu ne. Kewayen da ya zagaye murabba'i ya fi shi fili da kashi 57 cikin ɗari. Ina faɗar wannan don a san cewa ƙa'idar an yi ta ne don ta ceci maƙeri, ta hana a zubar da guminsa a banza.

Saura 0.30 da 0.26. Ina 0.04 ta shiga? Nan ne na kira masu awon duka biyu a waya. Na Kaduna yaro ne mai ladabi. Na ce, "Injiniya, daga ina ka fara awo?" Ya ce, "Baba, daga gefen faranti na ɗauka." Na Legas kuma daga babbar ƙofar tsakiya ya ɗauka, kuma ita zane ya nuna. Gefen farantin da wuta aka yanke shi aka bi da injin gurza, ƙofar tsakiya kuwa a injin feƙe ƙarfe aka fitar da ita. Kamar rabon gona ne: wani ya ja igiya daga gindin kuka, wani ya ja daga tururuwar da ke matsawa kowace damina. A wannan gaɓar na Legas ne ke da gaskiya. Ka ga kowannensu ya ci ɗaya ya faɗi ɗaya.

Sai kuma yawan ɗigo da yadda ake zana da'irar. Hudar da aka yi da injin huda ba ta taɓa fita kewayayya cif. Sau da yawa takan fito da kusurwa uku a ɓoye, kamar goron da aka matse, ido ba ya gani. Ka taɓa ta a wuri huɗu, tsakiyarta ta faɗa nan. Ka juya farantin kaɗan ka sake taɓawa, ta matsa can. Na Kaduna ɗigo 4 ya ɗauka, na Legas 12. Bayan haka, yawancin manhajoji suna zuwa a saite kan lissafin Gauss, masanin lissafin nan na Jamus, wanda ke ratsa da'ira ta tsakiyar ɗigon duka, rabi ciki rabi waje. Lissafi ne mai kyau, mai natsuwa, ba ya firgita don ɗigo ɗaya ya kauce. Sai dai noti bai san Gauss ba. Noti yana cin karo ne da tudun da ya fi kowanne leƙowa cikin huda. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ASME Y14.5 take kallon huda ta fuskar sanda mafi kauri da za ta iya shiga cikinta. Ƙa'idojin ISO da Turai ke bi kuma suna da nasu tsarin a wasu wurare. Mu a nan zanen da ke yawo hannun 'yan kwangila wani daga Caina, wani daga Indiya, wani an kwafo daga kwafi har ƙasan takardar da ke faɗin wace ƙa'ida aka bi ya goge.

Kada wani ya ce wannan sakacin Najeriya ne. A 1988 wani injiniyan kamfanin Westinghouse a Amurka ya fitar da gargaɗi ga masana'antun da ke yi wa gwamnati aiki, cewa manhajojin waɗannan na'urori suna ba da amsoshi daban-daban a kan abu ɗaya. Hankalin masana'antu ya tashi. Hukumar awo ta Amurka, NIST, da takwararta ta Jamus, PTB da ke Braunschweig, suna gwada lissafin manhajojin: a ba su ɗigon da aka riga aka san amsarsa, a ga me za su ce. Waɗanda suka ƙera abin ba su yarda da shi ido rufe ba. Mu da muka sayo shi muka biya kuɗin jirgi ne muke rantsuwa da shi.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni haushi, kuma shi ya warware shari'ar. A cikin ɗan akwatin da aka rubuta 0.25 a zane, akwai harafin M a cikin kewaye. Babu ɗaya daga cikin masu awon biyu da ya kula da shi. Ma'anarsa a harshen kasuwa ita ce gyara. Zane ya ce faɗin huda ya kasance tsakanin milimita 10.40 da 10.60. In ta fito a mafi ƙanƙanta, 10.40, rangwamenta 0.25 ne ba ƙari. In ta fi haka faɗi, noti ya samu wurin motsi, don haka duk abin da ta ƙaru da shi ana ƙara mata shi a rangwame. Hudar yaron 10.52 ce. Gyararta 0.12. Haɗa da 0.25 ka samu 0.37. Ko ka ɗauki 0.30 na Kaduna ko 0.26 na Legas, ta tsallake. Gyarar nan haƙƙinsa ce da mai zane ya rubuta da hannunsa, ba alfarma ba, kuma a manhaja ɗan akwati ne guda da ake latsawa. Rashin latsa shi ya kusa cinye masa jari.

Na san abin da wasu abokaina na gareji za su ce, don sun faɗa mani a ido: wannan duk fi'ili ne na 'yan boko, mu da magagari da guduma muke gyara huda in ta ƙi, kuma injuna suna tashi. Gaskiya ne suna tashi. Ni ma na faɗaɗa huda da magagari ba sau ɗaya ba. Amma ku tambayi mai lambun tumatir sau nawa yake canja boris a rani guda, ku tambaye shi me ya sa injin da aka haɗa masa yake rawa kamar ana kiɗan kalangu. Farantin da aka tilasta wa shiga yana jan sandar inji gefe, ita kuma ta ci boris, ta ci roba, ta ci mai. Kuɗin da ba a kashe wurin awo ba manomi ne ke biyansa a tsakiyar Maris, lokacin da kwana biyu babu ruwa ke ƙona shuka. Maƙeran Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano hannunsu ba ya da na biyu, amma abin da ke hana su samun manyan kwangiloli shi ne su yi abu ɗari iri ɗaya, kowanne ya shiga gurbin ɗan'uwansa ba tare da guduma ba. Wannan kuwa sai da awo. Ba na faɗa da na'ura. Faɗana da wanda ya zauna gabanta bai iya karanta zane ba, da wanda ya karɓi takardarta bai tambayi komai ba.

Akwai ma zafi, wanda mu ya kamata ya fi damu. Duniya ta daidaita tun 1931 cewa awon tsawo a masana'anta a ma'aunin zafi 20 ake yinsa. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da wajen milimita 0.012 a kowane digiri. A Dutsin-Ma cikin Afrilu zafi yana haura 40, kenan sandar mita ɗaya ta ƙaru da kusan rubu'in milimita, daidai da rangwamen yaron kafin a saka gyara. A kan ƙaramin faranti abin bai kai haka ba, amma wanda ya sauke kaya daga bayan mota da tsakar rana ya ɗora kan tebur nan take, ko aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya ya ci gaba da aiki, lambarsa ta riga ta gurɓata.

Abin da nake nema ba shi da tsada. Duk takardar awo da za a hana mutum kuɗinsa da ita, ta faɗi a fili daga ina aka fara awo, ɗigo nawa aka ɗauka, wane lissafi aka bi, an saka gyara ko ba a saka ba, kuma ɗakin yana digiri nawa. Layi biyar ne. Mai awon da ya ƙi rubuta su kamar ma'aunin hatsi ne da ya ce ka juya baya zai auna. Muna da sashen awo da ma'aunai a ma'aikatar ciniki ta tarayya, muna da hukumar SON da cibiyarta ta awo a Inugu. Aikinsu bai kamata ya ƙare a kan famfon gidan mai da sikelin kanti ba. Ɗakunan awon da ke yanke wa ƙananan maƙera hukunci su ma a riƙa zagaya musu da ƙarfe guda da aka san amsarsa, a ga wa zai faɗi daidai.

Sai makarantu. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma an kafa ta a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin nan, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Mun saba a ƙasar nan mu ga an sayo na'ura mai tsada an yanka ƙyalle an ɗauki hoto, bayan shekara biyu tana lulluɓe da leda. Ni da za a tambaye ni, kafin a sayo na'urar miliyoyi, a fara shirya kwas na mako huɗu da Hausa, da yamma, ga masu walda da masu feƙe ƙarfe na Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Charanci, a koya musu karanta ɗan akwatin nan na zane. Manyan alamominsa ba su kai ashirin ba. Yaron da ya haddace sassan injin Honda da ka ba zai gagara riƙe su ba. Kuma al'ummar da ake karanta wa Suratul Muɗaffifina tun tana makarantar allo ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan muhimmancin cika awo. Abin da za a ƙara mata shi ne tauyewa tana iya zuwa ta hanyar jahiltar saiti, mai yi bai ma san ya yi ba.

Mun gama shari'ar ne da abin da ya girmi kwamfuta. Na zana wa yaron faranti na gwaji, aka yi mana shi da kyau a Kano: ƙarfe mai kauri da turke a tsakiya da sanduna 6 a tsaye daidai mazaunin kowace huda, kaurin kowace sanda milimita 10.15, wato 10.40 a cire 0.25. Farantin da ya zauna a kansa ba tare da an buga ba ya cika sharaɗin zane, da gyararsa da komai, ba sai an yi lissafi ba. Ɗan kwangilar ya zo Kurfi da kansa, na yi masa bayani, ya kira injiniyansa a waya ya tabbatar, sannan ya naɗe hannun riga ya ce shi zai riƙa sakawa. Muka zauna ƙarƙashin rumfar shago, yara suna miƙo masa ɗaya bayan ɗaya. Talatin da bakwai suka zauna lakadan. Uku suka ƙi, kuma da na duba, duk rana ɗaya aka huda su, ranar da abin da ke riƙe farantin ya kwance ba a lura ba.

Yaron ya buɗe baki zai yi gardama kan ukun nan. Na ce, "Kai, rufa mana asiri." Ya yi shiru, ya je ya yanko sabon ƙarfe. An biya shi kafin sati ya zagayo. Ɗaya daga cikin ukun da suka ƙi yana nan a zaurena, shi nake ɗora butar shayi a kai.